Saran Gona Daban, Saran Gini Daban

Duk wanda ya zauna a birnin Sakkwato ya san Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya, ya san Gawon Nama, ya kuma san filin wasa da barikin soja da ake kira Giginya. Waɗannan sunaye huɗu duka sunayen itatuwa ne. Amma yau idan malamin makarantar Lahadi ya tara yaransa ya ce wa zai iya gane ganyen taramniya, da wuya ya ga hannu biyu a sama. Sunan ya rage a bakin 'yan kabu-kabu, itacen kuwa sai an fita gari da nisa kafin a gan shi.

Mu da ke zaune a Minanata muna ganin yadda abin ke tafiya. Tun da Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Yamma a 1967, daga baya kuma ta Jihar Sakkwato a 1976, gari bai daina faɗaɗa ba. Wuraren da dattawa suka sani gonakin gero ne, yau unguwanni ne cike da gidaje, irin su Mabera da Tamaje da Dambuwa da Arkilla da Bado. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, ya koro jama'a masu yawa zuwa birni, kowa kuwa yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa. Saboda haka ba wanda zai ce kada a yi gini. Abin da muke so mu duba tare da masu karatu shi ne yadda ake share filin ginin, da abin da ke tafiya tare da itacen ranar da ya faɗi.

Wanda ya sayi fegi, aikinsa na farko shi ne abin da ake kira share fili. A bakin magina da 'yan ƙwadago, ma'anar wannan ita ce kada a bar komai a tsaye. Za a kira masu gatari ko mai injin yanka, a kayar da gawo da aduwa da bagaruwa, a sayar wa masu gidan burodi ko masu gawayi, a sami abin rage kuɗin bulo. Sa'an nan a zo ga kututture: a haƙa kewaye da shi, a datse saiwoyi, a tumɓuke, wanda ya gagara a tara masa kara a cinna wuta. Idan fili babba ne, katafila ke gama wannan duka kafin azahar. Mai fili ya tsaya ya ga ƙasa fayau, ya ce madalla, aiki ya yi kyau.

Wani zai ce, me ya haɗa shafin ikkilisiya da wannan magana? Abin da ya haɗa mu shi ne, ikkilisiya ma mai sayen fili ce. Muna neman wurin majami'a, da gidan fasto, da makaranta, da makabarta. Ba ɓoyayyen abu ba ne kuma cewa samun filin majami'a a tsakiyar biranen Arewa, tare da cikakkiyar takardarsa, ba ƙaramin aiki ba ne. Don haka kwamitin gini yakan nufi bakin gari, inda dillali zai nuna masa fili mai faɗi da araha. Bahaushe kuwa ya ce araha ba ta ado. Sau da yawa filin da ya yi araha fiye da kima yana da dalili: ko hanyar ruwa ce, ko burtali ne, ko kuwa gefen gandun daji ne wanda doka ta keɓe tun kafin a haifi dillalin. Baikon gwauraye da na 'yan fansho ne ake zubawa a irin wannan wuri.

MASU GIDA MARASA TAKARDA

Babban itace ba inuwa kaɗai ba ne, gida ne, kuma akwai masu zama a cikinsa. Mu ɗauki shamuwa. Lokacin ranin nan namu tana can kudancin Afirka, sa'an nan ta taso ta iso ƙasarmu gab da faɗuwar damina, shi ya sa manomi in ya gan ta yakan fara gyaran iri. Ba ta son yin sheƙa can cikin jeji. Cikin gari take so, a kan dogon itace, kuma takan komo wurin da ta saba shekara bayan shekara. Abincinta fara ce da tsutsotsin da ke cin amfanin gona. Kakanninmu, Musulmi da Kirista da Maguzawa, ba su jira dokar gwamnati ba kafin su hana yaro jifarta. To, amma mene ne amfanin hana yaro jifa idan ubansa ya sare itacen? Shamuwa ta dawo ta tarar da rufin kwano, sai ta yi gaba.

Labarin ungulu ya fi wannan muni. Iyayenmu sun san lokacin da ba a raba mahauta da ungulu, tana kwashe mushe da ƙazanta kyauta, ba albashi ba fansho. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Dalilan suna da yawa, akwai guba, akwai masu sayen kanta da ƙafafunta don tsubbu. Amma akwai kuma rashin wurin haihuwa. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, kuma sai a ƙwanƙolin dogon itace. Bayan waɗannan ga balbela da zalɓe da ke kwana a itatuwan bakin fadama, ga jemage mai yaɗa irin itatuwa da kashinsa, ga bushiya da damo da kurege a gindi.

Ƙasarmu ba ta rasa dokoki ba. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, akwai kuma dokar soja ta 1985 wadda ta hana kamawa da fataucin namun da ke fuskantar ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016. Sai dai waɗannan dokoki sun fi mai da hankali ga mai bindiga da mai tarko da ɗan kasuwa. Mai gatari wanda bai taɓa tsuntsu ko ɗaya ba, amma ya rushe gidan tsuntsu ɗari, yakan wuce ba wanda ya tanka masa. Inda doka ke kare ƙasar kanta da abin da ke kanta shi ne gandun daji. Tun zamanin Turawa aka keɓe irin waɗannan wurare aka buga iyakokinsu a gazet, kamar dajin Kamuku na Birnin Gwari a 1936, da Yankari a 1956. Akwai kuma ƙanana da yawa a kewayen garuruwa, waɗanda yau ba allo ba shinge, sai dai sunansu a fayil. Amma rashin allo bai kashe dokar ba.

A nan ne kwamitin gini ya kamata ya buɗe ido. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora dukan ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. Gandun da aka keɓe ba ya fita daga keɓewa sai gwamnati ta fitar da shi a hukumance. Mai unguwa ba shi da ikon sayar da shi, uban ƙasa ma haka, balle dillali. Takardar ciniki mai sa hannun shaidu goma ba ta canza wannan. Wanda ya yi gini a irin wannan wuri, ranar da aka tashi karɓar filin ba shi da bakin magana.

ABIN DA YA FARU A KANO

Misalin da ya fi kusa da mu, wanda kuma aka yi ta muhawara a kansa a rediyo da jaridu, shi ne na gidan namun daji na Kano. A farkon shekarun 1970, Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya keɓe fili mai kimanin hekta 46 ya kafa wannan gida. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. A lokacin wurin bayan gari ne. Aka kawo namun, aka dasa itatuwa, aka bar waɗanda aka tarar. Shekaru suka tafi, birni ya zo ya kewaye shi ta kowane gefe, har Titin Gidan Zu ya zama ɗaya daga cikin titunan da suka fi hada-hadar kasuwanci a Kano. A kan titin ne aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero Mall a 2014. Filin da aka bayar don ba wanda ke kwaɗayinsa ya koma filin da kowane attajiri ke haɗiyar yawu a kansa.

A 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta bayyana niyyarta ta kwashe namun zuwa Tiga, wajen madatsar ruwa. Hujjar da aka bayar ita ce cunkoso da hayaniyar birni sun yi wa namun yawa. Gaskiya hujjar ba ta banza ba ce. A watan Oktoba na 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka kwana biyu mutanen unguwannin da ke kewaye suna barci da ido ɗaya kafin a mayar da shi. Duk wanda yake da yara a maƙwabtan wurin zai fahimci wannan tsoro.

Amma jama'a da yawa, har da ƙungiyar masu kula da gidajen namun daji ta Nijeriya, ba su amince ba, kuma tambayar da aka yi ta yi ita ce: in an kwashe namun, me za a yi da filin? Mu yi ɗan lissafi. Fegin da aka saba yankawa ƙafa 50 ne a kan ƙafa 100. Hekta ɗaya takan ba da irinsa kusan 21. Ke nan hekta 46 ta doshi fegi dubu ɗaya, kafin a cire hanyoyi. Wanda ya san kuɗin fegi a tsakiyar Kano ya san nauyin jarabar da ke cikin wannan lissafi.

A ganinmu, gaskiyar masu ƙin amincewa ta fi ƙarfi, ko da yake ba lallai don zaki da jimina ba. Zaki ana iya sa shi a mota a kai shi Tiga. Itacen da ya shekara hamsin ba ya shiga mota. Tsuntsayen da suka sami mafaka a wurin don kansu, waɗanda ba sa cikin rajistar kowa, ba wanda zai yi musu jigila. Talakan da ke kai 'ya'yansa ranar Salla ko ranar Kirsimeti da kuɗin Keke Napep ba zai iya tafiyar Tiga ba. Iska mai sanyi da wurin ke bai wa unguwannin kewaye kuwa ba a sayen ta a kanti. Har gwamnatin ta sauka a watan Mayu na 2023, namun suna nan inda Audu Bako ya ajiye su.

Abin da ya biyo baya darasi ne na daban, ga masu saye. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnati ta Abba Kabir Yusuf ta sa katafila a kan gine-ginen da aka yi a wasu filayen gwamnati da aka bayar a mulkin baya, har da na tsohon otel ɗin Daula da shagunan Filin Idi. Aka shiga kotu, aka yi ta shari'ar diyya. Ba namu ba ne mu ce wane ne mai gaskiya a tsakanin 'yan siyasa. Abin lura shi ne, mutanen da ke riƙe da takardun hukuma ma sun ga dukiyarsu a ƙasa. To, ina ga ikkilisiyar da ba ta riƙe da komai sai rasit ɗin dillali?

Gidan namun Kano ya tsira ne domin babba ne, sananne ne, kuma a fili aka yi maganarsa. Haka ya faru a Kenya, inda a 1998 aka gano an rarraba wa masu gine-gine wasu sassan dajin Karura da ke bakin birnin Nairobi. Wangari Maathai ta jagoranci mata suka shiga dasa itatuwa a wurin, a watan Janairu na 1999 'yan banga suka fasa mata kai, ɗalibai da shugabannin ikkilisiya suka mara mata baya, daga bisani aka janye. Dajin yana nan. Amma irin wannan ɓarna mai shela ba ita ce ta fi cin daji ba. Wadda ta fi ci ita ce ta fegi ɗaya yau, fegi ɗaya gobe.

Maƙwabtanmu na Yamai sun ga wannan. A 1965 suka fara dasa wani dogon shingen itatuwa a kewayen birnin, galibinsa dogon yaro, don ya tare iska da ƙura, har ya wuce hekta 2,000. Ba rana ɗaya aka ci shi ba. An yi ta gutsura ne, nan a yanka fegi, can a kafa bukka, gaba a mai da shi juji, har kaso mai yawa ya tafi. Dokarmu ma tana da wannan ƙofa a buɗe. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta a auna illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi, kuma cikin ayyukan da ta lissafa akwai ginin gidaje da ya kai hekta 50. Amma mutum dubu, kowa da feginsa na ƙafa 50 a kan 100, za su share kusan wannan faɗin ba tare da ko ɗayansu ya taka dokar ba. Mu ne waɗannan mutum dubu.

DAJIN DA KE ƘARƘASHIN ƘASA

Yanzu mu zo ga abin da ya sa muka ce saran gona daban, saran gini daban. Amsar tana Maraɗi, kuma ta hannun wani ma'aikacin mishan aka gane ta. Tony Rinaudo mutumin Ostiraliya ne, ya zo Nijar a 1981 ƙarƙashin SIM, wato mishan ɗin da ta haifi ikkilisiyar ECWA, wadda kuma ta taɓa riƙe asibitin kutare na Amanawa nan kusa da mu daga shekarun 1930. Aikin da aka ba shi shi ne dasa itatuwa. Ya yi ta reno, ya yi ta rabawa, mafi yawansu suna mutuwa, wasu rana ta ƙone, wasu awaki su cinye, wasu gara.

Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar taya saboda yashi. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen gona, irin wanda kowa ke ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen sai ya ga ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare, yana tofowa daga kututture. Saiwarsa tana nan da rai, ta riga ta kai ga laima can ƙasa. Irinsa kuwa birjik a kowace gona: sabara, kalgo, gawo, taramniya. Kowace shekara manomi ya yi sassabe ya ƙone, kowace shekara su sake tofowa. Wato dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa yana jira a ƙyale shi.

Hanyar da ta fito daga nan manoma suka raɗa mata suna sassabin zamani. Ba ta bukatar kuɗi. Manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi. Da yake saiwa babba ce, cikin 'yan shekaru sai ga itace ya fi mutum tsawo. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa taimakon abinci da wannan aiki. Da aka daina rabon abinci manoma da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga iska ta rage binne shuka, ga makamashi a kusa, ga abincin dabbobi, sai maƙwabta suka kwaikwaya. Hukuma ma sannu a hankali ta sakar wa manomi ikon itacen gonarsa. Da masana suka gwada hotunan sama na da da na baya cikin shekarun 2000, suka kiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a yankunan Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin.

To, 'yan'uwa, ga bambancin. Manomi ya sara, amma ya bar saiwa, saboda haka ko bayan shekara ashirin akwai hanyar komowa. Mai gini ya sara, ya tumɓuke, ya ƙone, ya zuba siminti. Wannan ba shi da komowa. Abin da ya ceci gonakin Maraɗi ba zai ceci unguwar da aka share da katafila ba, domin ba abin da ya rage a ƙasa da zai tofo. Shi ya sa shawarar da kwamitin gini ke yankewa cikin minti biyar ta fi ta manomi nauyi nesa ba kusa ba.

Mun san amsar da aka saba bayarwa: in mun gama gini za mu dasa wasu. Madalla da niyya. Amma kowa ya san rabon dashe a garin da zafin Afrilu ke wuce awo 40, ruwan sama kuma bai fi na wata huɗu ba. Abin da aka fi dasawa kuma dogon yaro ne. Ba mu raina shi ba, baƙo ne daga Indiya da ya shigo zamanin Turawa, ya kuma rufa wa titunan Sakkwato asiri. Sai dai ba ya maye gurbin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya yi ganye da rani ya ba awaki 'ya'ya. Ba ya maye gurbin bagaruwa, wadda da 'ya'yanta majema ke jeme fatar jan akuyar da ta kai sunan Sakkwato ƙasashen waje. Abin mamaki ne a ce jiharmu tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015, ana kashe kuɗi ana renon 'yan tsirrai a bakin iyaka, mu kuma a birni muna biyan lada a tumɓuke manya.

Akwai wata hujja da ta fi wannan nauyi, ba kuma za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Mutumin da ya gudo daga ƙauyensa saboda 'yan bindigar da ke ɓuya a dajin Gundumi ko Rugu ko Kamuku, in ka ce masa a kiyaye daji, kallon da zai yi maka ya isa. A wurinsa daji maƙiyi ne. Muna jin zafinsa, wasunsu ma tare muke sujada. Amma waɗannan dazuzzuka sun shekara da yawa suna nan mutane na wucewa lafiya, lokacin da malamin daji ke zagaye, hukuma kuma na kusa. Abin da ya sauya shi ne an bar su ba mai kula. Kuma gawo uku a harabar majami'a a Minanata ba su ne za su ɓoye ɗan bindiga ba. Maganar maciji ma haka take: tarin shara da tulin bulo da aka manta sun fi itace mai gyararren gindi tara macizai.

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan ba. A Maimaitawar Shari'a sura 20, an hana rundunar da ta kewaye birni da yaƙi ta sare itatuwa masu ba da 'ya'ya. A sura 22 kuma an hana wanda ya tarar da sheƙa ya ɗauke uwa tare da 'ya'yanta. Idan an sa wa soja a bakin daga wannan iyaka, ba mu ga hujjar da kwamitin gini zai kawo a lokacin salama ba.

KAFIN A BIYA, KAFIN A SARA

Shawararmu ga dattawan ikkilisiya ita ce, kada a ba dillali ko kwabo sai an je ofishin filaye da safiyo an tabbatar filin yana cikin tsarin da hukuma ta yanka, an kuma biya ta ofishin gandun daji an tambaya ko wurin ya taɓa wani gandu ko shingen itatuwa na gwamnati. Tafiyar yini biyu ce. Dillalin da ya ce ciniki ba zai jira yini biyu ba, ya riga ya gaya muku abin da kuke bukatar sani.

In fili ya tabbata, a zagaya shi a ƙirga itatuwan kafin a zana taswira, ba bayan an zana ba. A wannan zagaye a tafi da 'yan zumuntar mata, domin su suka san wanda ke ba da miya da wanda ke ba da magani. Sau da yawa matsar da harsashi taku goma ya isa ya ceci tsamiyar da za ta zama ajin makarantar Lahadi na shekara hamsin. Magini zai ce saiwa tana fasa gini. Gaskiya ne in itacen ya manne da bango, amma maganin wannan tazara ce, ko a haƙa rami a gefen ginin a datse saiwar da ta nufo shi, ko a rage reshen da ya hau rufi. In an zo daɓen siminti kuma, a bar wa gindin itace fili a buɗe inda ruwa zai shiga, don itatuwa da yawa ba gatari ya kashe su ba, daɓe ne ya shaƙe su. Wanda kuwa ya zama dole a kayar, kada a yi shi tsakanin zuwan shamuwa da kaka, lokacin da sheƙuna ke cike.

Abu na ƙarshe shi ne wanda muka fi gani a ikkilisiyoyinmu. Mukan share fili duka a mako ɗaya, alhali kuɗin da ke asusu bai wuce na harsashi ba. Ginin majami'a kuwa yakan ɗauki shekara biyar, wani goma. Duk tsawon wannan lokaci sauran filin na nan tsirara, iska na kwashe ƙasa, jama'a na sujada a rumfar kwano cikin zafi. Kamata ya yi a share inda za a haƙa bana kaɗai, sauran a bar shi yadda aka same shi.

Ikkilisiyar da ta riga ta sare amma ba ta tumɓuke ba, tana da sauran dama. Kafin ruwan farko, matasa su bi kututturan nan ɗaya bayan ɗaya. A kowane su zaɓi toho uku zuwa biyar mafi miƙewa, su datse sauran da wuƙa mai kaifi, yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Su rage ƙananan rassa har zuwa rabin tsawon kowane toho, su kewaye shi da ƙaya saboda awaki, sa'an nan su ɗaura masa ɗan jan ƙyalle, don makiyayi da mai neman makamashi su san da niyya aka bar shi. Bayan wata uku ko huɗu a sake zagayawa a datse sabon tohon da ya fito a gindi.